Saiwar Albasa a Kwalbar Haliru

Bana ma ruwa ya ɗauke mana da wuri. Gero na cikin fitar da kai sama ta washe, muka yi ta kallon gabas har muka gaji. Jiya da hantsi na tsuguna bakin renon albasata ina tsince ciyawa, zafin ƙasa ya ratso tafin ƙafata, sai na tuna wata kaka shekaru ashirin da wani abu baya, lokacin ban yi aure ba, ina gidan mahaifina a ƙauyenmu da ke kusa da Dandin Mahe.

Damanar waccan shekara lafiya ta fara. Muka yi shuka, muka yi noman fari da maimai, gero ya tashi kore shar har mutane suka fara maganar gyaran rumbu. Yana cikin zuba ƙwaya ruwa ya tsaya. Hadari zai taso da la'asar, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Da muka yi girbi, zangarniya rabi ƙwaya ce rabi ƙaiƙayi. Abin da muka ɗaure bai kai rabin rumbu ba.

Inna ta mayar da tuwo sau ɗaya a rana. Da safe kunu ne mai ruwa-ruwa, wanda kana sha kana ganin gindin kwano. Da rana kwaɗon rama ko tafasa, da ƙuli-ƙuli ɗan kaɗan don a ji ƙamshi. Nono ma ya yi wuya, don makiyaya sun kora shanunsu gaba neman ciyawa tun kafin lokaci. Yayyena biyu suka tafi cin rani kudu, gida ya rage daga ni sai Baba da Inna. Ga zafin kaka, irin mai ɗanko ɗin nan da ba iska, riga ta manne maka a baya tun kafin rana ta ɗaga.

Abin da muka sa wa rai shi ne albasa. Muna da fadama wadda kakana ya bari, gadon Baba ne da ƙanwarsa, Gwaggo Kulu, da ke aure a Bodinga. Ba a taɓa raba ta ba. Baba ke nomawa, kowace shekara ya aika wa Gwaggo buhun albasa, ita kuma ba ta taɓa ta da maganar ba. Amma duk ranar da aka ce ga baƙo daga Bodinga, sai in ga Baba ya gyara zama.

Irin albasar da Baba ya adana a cikin gora muka yayyafa duka, fangali uku, bai rage ko cikin cokali ba. Muka rufe da ciyawa, muna ɗebo ruwa daga rijiyar fadama safe da yamma, ni ina ja, shi yana yayyafawa da ƙwarya. Bayan kwana takwas iri ya fito siri-siri kamar gashi, kowane da kansa a lanƙwashe.

A lokacin ne Haliru ya zo. Ɗan Gwaggo Kulu ne, taubashina, ya girme ni da shekara uku. Yana koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Bodinga, yana kuma ƙarin karatu a Sakkwato. Ya jingine babur ɗinsa ƙarƙashin gawo, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gai da Baba. Ni kuma ya ce mini bawansa ya rame, ko dai ba a ba ni abinci ne. Na ce uban gidan da ba ya aiko wa bawa komai ai shi ne da laifi. Muka yi dariya.

"Kawu, wata 'yar alfarma nika biɗa," in ji shi. "Saiwar albasa nika so."

"Saiwa? Ba albasa ba?"

"Saiwa dai. Ɗan bakinta, kamar tsawon ƙwayar shinkafa."

"Mi za ka yi da ita?"

"Karatu na, Kawu. Ina son in ga yadda saiwa ke girma cikin ƙasa mai zafi."

Baba ba zai hana ɗan ƙanwarsa abu kamar wannan ba. Haliru ya tuge 'yan tsirai kamar goma, ya wanke, ya sa reza ya yanke bakin kowace saiwa, ya jefa cikin wata ƙaramar kwalba mai ruwa fari. Da ya buɗe kwalbar wani wari mai tsami ya bugi hancina. Ya dubi agogo ya rubuta lokaci a jikinta. Bai tafi ba. Ya zauna da mu har azahar ya sake yanka, da la'asar ma ya sake, kowane da kwalbarsa.

Da ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, Baba ya ce, "Wane irin karatu na wanga, da sai an dubi lokaci kahin a yanka?"

Na ɗauki guga na koma bakin rijiya.

Ciyawa kuwa ta taso wa renon. Harƙiya ce mafi yawa, kuma ba a sa fartanya cikin reno, da yatsu ake tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Ka tsince yau, jibi wata ta fito. Baba na fama da ciwon baya, aikin ya koma kaina. In na daɗe a tsugune na miƙe, sai in ga duhu-duhu, sai na dafa ƙasa. Kunun safe ba ya kai mutum hantsi.

Ranar kasuwa na ga wani mutum ya baza kwalabe a kan buhu. Cikinsu akwai wani magani rawaya a kwalbar lemo, ba takarda a jiki. Ya ce wannan ba ya ƙona ganye, hana ciyawa fitowa yake yi, kuma manyan masu albasa duk shi suke sawa. Baba ya sha faɗa cewa ba a kai wa reno magani kowane iri. Na tsaya na yi ta juya kwalbar a hannuna, daga baya na saya na sa a aljihu. Ban tambayi awo ba, shi ma bai faɗa ba.

Ranar da Baba ya tafi jana'iza Horo Birni, na aro famfon feshi, na zuba maganin, na ɗan ƙara don ya yi aiki sosai, na feshe fangali ukun. Sannan na yi ban ruwa mai yawa don wari ya tafi. Kwana biyu ina duba ganye. Na san maganin ciyawa, na ga yadda yake ƙone ganye cikin yini ɗaya. Wannan bai ƙona ko ɗaya ba. Ciyawa ta daina fitowa, Baba ya ce Allah ya kawo mana sauƙi, na ce amin.

Bayan kwana huɗu Haliru ya dawo da wasu kwalaben. Ya tuge tsiro, ya wanke, amma bai yanka nan take ba. Ya ɗaga shi ya daɗe yana kallo. Ya tuge wani daga fangali na biyu, ya sake kallo.

"Kawu, kun canza ruwa? Ko an zuba wani abu?"

"Ruwan da ka gani shi na," in ji Baba. "Mi ka gani?"

"Ban tabbata ba tukuna. Bari in duba."

Ya yanka ya tafi. A idonmu reno lafiya lau yake ranar.

Kafin sati ya zagayo, reno ya tsaya cik. Na maƙwabta na ƙara tsawo, namu yana nan inda yake. Bakin ganye ya fara rawaya. Da rana sai tsirai su kwanta kamar ba a ba su ruwa ba, alhali ƙasa jiƙe take. In ka ja ɗaya sai ya biyo hannunka ba gardama. Saiwar gajera, kuma bakin kowace ya kumbura kamar kan ashana. Baba ya shekara arba'in yana albasa, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ciwo ba. Ya zuba toka, ya zuba taki, ya yi tofi a ruwan ban. Ba abin da ya canza.

Mutanen fadama suka riƙa zuwa kallo. Kowa ya tuge, ya duba, ya girgiza kai. Wani ya ce abin mamaki, rijiya ɗaya, ƙasa ɗaya, amma ciwo ya tsallake kowa ya faɗa wuri ɗaya. Wani ya tambaya ko ba nan ne malamin nan na Bodinga yake zuwa da kwalabe ba. Ba wanda ya amsa, amma kowa ya ji.

Ran nan da la'asar muna zaune a zaure, Baba ya ce, "Lawali, ƙaƙa anka yi ya san da ciwo tun ciwo bai hito ba?"

Na ce ban sani ba.

"Ya yanki bakin saiwa. Bakin saiwa kuma shi ya kumbura. Ba ganye ba, ba wuya ba. Daidai inda ya yanka."

Inna na bayan ƙofa tana tankaɗe. Ta ce, "Malam, ɗan Kulu fa. A bayana ya yi barci yana jariri."

"Na san ɗan wa na. Shi ya sa nika magana. In albasa ta mutu, mi ya rage? Sai a ce tsoho ya kasa, a raba fadama, ko a sai da."

Maganin rawaya ya faɗo mini a rai, ba zan ce bai faɗo ba. Amma na ce wa kaina ai ganye bai ƙone ba, kuma mai maganin ya ce masu albasa na sawa. Da na kore tunanin sau ɗaya, korarsa ta biyu ba ta yi wuya ba. Sai na ji bakina yana gaya wa Baba irin warin da ke cikin kwalaben, da wani jan abu kamar jini da na gani a yatsun Haliru ranar zuwansa na biyu. Duka gaskiya ne, na ji warin, na ga jan. Kuma ina faɗa ina ƙara yarda da abin da nake faɗa. Na tuna yadda yake duba agogo, na tuna bai ci kwaɗon da Inna ta aiko ba. Komai ya zauna daidai.

Baba ya ce, "Gobe ka tahi Bodinga. Ka ce mishi ya maido min saiwata. Duk abin da ya yanka."

Na tuge tsirai kamar ashirin na ƙulle a tsumma mai laima don in nuna masa aikinsa. Na yi sammako na taka zuwa bakin titi, na samu motar Bodinga. Gwaggo Kulu ta yi murna da ganina, ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura mai kauri da nono, irin wadda na yi wata biyu ban gani ba. Cikina na kuka, na ce na ƙoshi. Ta dube ni, ta dubi ƙwaryar, ta rufe ta da faifai. Ta ce Haliru na makaranta.

Na same shi a wani dogon ɗaki mai tebura da famfunan da ba ruwa. Ɗalibai sun tashi. A kan taga an jera kofunan gilashi, kowane da albasa zaune a bakinsa, saiwa fara tana lilo cikin ruwa.

"Bawana, lahiya?"

Ban amsa wasan ba. Na faɗi saƙon Baba yadda ya ba ni, na kwance tsumman na ajiye a gabansa. Ya dubi tsiran, ya dube ni. Na ga ya gane abin da ake nufi, don kunnuwansa har motsi suka yi.

"Za ni ba ka," in ji shi. "Amma zo ka ga abin da nika yi da ita. In ka koma ka hwaɗa wa Kawu abin da ka gani da idonka."

Ya jawo na'urar nan mai ƙara girman abu zuwa bakin taga. Ba wutar lantarki, sai ya juya ɗan madubin da ke ƙasanta har ya kamo hasken rana. Ya ɗora wani ɗan gilashi mai ɗigon ja a kai. Ya ce jan rini ne kawai, don abin da ke ciki ya fito. Na yi bisimilla a zuciyata, na rufe ido ɗaya na leƙa.

Da farko ban ga komai ba sai gashin idona. Ya murɗa wani abu, sai ga ɗakuna jere kamar bulo a jikin bango, sahu-sahu, kowane da ɗigo a ciki.

"Wagga saiwarku ta, ta zuwana na farko. Kowane ɗaki ƙwayar halitta guda na. Saiwa ba ta girma sai ɗaki guda ya rabu biyu, biyu su koma huɗu. A bakin saiwa aka wanga aiki, shi ya sa shi nika yanka. Nemi ɗakin da ɗigonai ya warware."

Na nema na samu. A wani ɗaki wasu 'yan sanduna ja sun yi layi a tsakiya. A wani kuma sun rabu kashi biyu, kowane kashi ya nufi gefe, kamar yatsun hannu biyu da ake janyewa.

"Sandunan ga su ad ɗauke da gadon albasa, duk abin da ya sa ta zama albasa. Kahin ɗaki ya rabu, sai an raba gadon daidai, kowa ya samu nashi."

Na ɗago kai na dube shi. Na ɗauka habaici yake mini a kan fadama. Amma idonsa na kan gilashin, bai ma san na dube shi ba.

Ya ci gaba da bayani. Ya ce cikin kowane ɗaki akwai zare-zare masu siriri ƙwarai, wannan na'urar ba ta iya nuna su sosai, su ne kamar ƙashin ɗakin, su ke riƙe shi. In lokacin rabuwa ya yi, sai a warware su a sake ɗaura su daga gefe biyu, su kamo sandunan su ja. Na tambaye shi wa ke warwarewa, wa ke ɗaurawa. Ya ce wasu sinadarai ne da ake kira inzayim. Wani ya sa zare ya yi tsawo, wani ya datse shi, wani ya ja, wani kuma aikinsa ya hana a fara ja har sai kowace sanda ta kamu. Ya ce su yake karatu a kai, yana son ya san ko zafin ƙasarmu na rikita musu lokaci, shi ya sa yake yanka safe da rana da yamma.

Sannan ya cire gilashin ya sa wani. "Wagga ta zuwana na biyu ta."

Nan ba sahu. Ɗakunan sun kumbura, wasu sun yi biyun na farko. Sandunan na nan birjik, a dunƙule a wani ɗaki, a warwatse a wani, amma ban ga ko ɗaya da ake ja gefe biyu ba.

"Zafi ba ya yin haka," in ji Haliru. "Nan zaren na babu. Masu ba da umurni suna nan, abin da za su umurta ya ɓace. Ɗaki ya shirya rabuwa, ba mai ja, sai ya yi ta kumburi. Shi ya sa bakin saiwa ya yi kai, ba ta kuma iya bin ruwa. Na kai shi Sakkwato malamina ya duba. Abin da munka sani mai yin haka a gona, wani maganin ciyawa na, rawaya. Yana kama abin da aka yin zaren da shi. Albasar da anka dasa ta yi ƙarhi tana jure mishi in an auna. Reno ba ya jurewa."

Duk da haka na ce, "Kai ka haɗa gilashin. Wa ya san abin da ka sa a ciki?"

Ya yi ɗan murmushi wanda ba na dariya ba. Ya turo mini reza. "Ga tsiranka da ka zo da su. Ga albasa kan taga, zaɓi wadda ka so. Yi da hannunka."

Ya faɗa mini yadda ake yi, bai taɓa komai ba. Na yanka, na jiƙa a ruwan mai tsami, muka jira, na ɗiga jan rinin, na ɗora ɗan gilashi na danna da babban yatsa. Na fasa biyu kafin na iya. Muka fi awa ɗaya, zufa na ɗiga daga haɓata. Albasar kan taga ta nuna sahu, da sanduna ana ja. Tawa ta nuna kumburi. Da na duba yatsuna, sun yi ja kamar nasa.

"Lawali, ban tambaye ka komi ba," in ji shi.

Na zauna a kan kujerar ɗalibai na gaya masa duka, tun daga kasuwa har ranar jana'iza. Na gaya masa har abin da na faɗa wa Baba a kansa. Ya saurara yana wanke gilasai a cikin roba. Da na gama bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce renon nan ya tafi, kuma kada a sake shuka komai a fangali ukun bana, don maganin na daɗewa a ƙasa. Ya ce yana da aboki a Kajiji mai reno da yawa, zai roƙo mana dashe. Sannan ya tattara kwalaben duka ya sa a leda.

"Kai wa Kawu. Aikin wata guda na, amma nashi na."

Na isa gida bayan la'asar. Baba na ƙarƙashin gawo a fadama. Na ajiye ledar, na durƙusa, na gaya masa gaskiya. Na je na tono kwalbar lemon daga inda na binne ta, har da sauran rawaya a gindinta. Na ɗauka zai zage ni, ko ya ɗaga mini hannu, kuma na shirya. Ya juya kwalbar, ya sansana, ya ajiye.

"Mi sunka ba ka ka ci?"

"Ban ci komi ba, Baba. Ko hurar Gwaggo ban sha ba."

"Ka leƙa cikin wani abu?"

"Na leƙa."

"To." Ya gyaɗa kai kamar wanda aka tabbatar wa abin da ya sani. "Maganin ciyawa ganye yaka ƙonewa, kowa ya sani. Dubi ganyen ga, ya ƙone? Na aike ka ka amso saiwa, ka dawo kana ɗaukar laihin wani bisa kanka."

Na rantse masa. Ya ce in daina rantsuwa, ba ni ke magana ba. Ya ɗauki ledar da kansa ya tafi da ita bayan gari, ban san inda ya kai ta ba.

Ranar Asabar Haliru ya zo da dashe ɗaure a bayan babur cikin buhu mai laima. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, Baba ya amsa da kalma ɗaya yana kallon wani wuri. Ya ce ba za a sa wannan a ƙasarsa ba. Inna ce ta fito har zaure, abin da ba ta saba yi ba in da baƙo, ta ce masa geron rumbu ba zai kai mu tsakiyar rani ba, ita ke ɗiba, ita ta sani. Daga baya Baba ya ce a dasa can ƙarshen fadama wajen iyaka, kuma Haliru kada ya taka ciki. Haliru ya tsaya a kan iyakar yana miƙo mini dashe ina dasawa har rana ta yi tsaka.

Ni kaɗai na yi ban ruwan albasar nan har ta nuna. Baba kan zo ya tsaya daga nesa ya dube ta, kamar yana jiran ranar da za ta nuna halinta. Ba ta yi yawa ba, don an makara, amma ta yi kai. Muka kai kasuwa muka sauya ta da dawa, ita ta kai mu har ruwan farko ya sauka, yayyena suka dawo. Baba ya ci tuwon dawar. Albasar kuwa ya hana Inna sa ta a miyarsa. A shekarar bai aika wa Gwaggo buhu ba, ni na kai mata a ɓoye. Ba ta sake kwana gidanmu ba, sai dai ta zo biki ko ta'aziyya ta juya a yinin. Maganar fadama kuwa har ta rasu ba ta ta da ita ba.

Yanzu kusan kowa a fadamarmu na fesa maganin nan bayan dashe, da murfin awo, da takarda a jikin galan. Ba mai ganin abin mamaki a ciki. Baba ya ga farkon haka da idonsa. Na nuna masa, na ce ga shi, irinsa ne. Ya ce to ga shi suna sawa albasarsu ba ta mutu ba.

Shekara tara bayan waccan kaka ciwon ajali ya kama shi. Haliru ne ya zo da mota ya kai shi asibiti Sakkwato, shi ya yi ta zirga-zirga har aka sallamo mu aka ce a koma gida a yi ta addu'a. Wata ranar Juma'a da hantsi, Baba na kwance a ɗakinsa, ya ce a kira masa ɗan Kulu. Haliru ya shigo ya durƙusa a bakin gado, ni ina zaune wajen ƙafafu. Baba ya lalubo hannunsa ya riƙe. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da muka matsa.

"Haliru, za ni inda ba a zuwa da riƙo. Abin nan na albasa, na yahe maka. Duniya da lahira."

Na buɗe baki zan yi magana. Haliru ya sa ɗaya hannun ya danne mini gwiwa da ƙarfi, bai dube ni ba.

"Na gode, Kawu," in ji shi. "Allah shi yahe muna baki ɗaya."